An ce a sayar mini da satifiket ɗin ISO uku cikin mako biyu, in biya?

Wani ɗan kwangila daga Zariya ne ya aiko da tambayar wannan makon. Kamfaninsa na da ma'aikatan dindindin goma sha shida ban da leburori, kuma azuzuwa da kwalbatoci da lambatu yake ginawa. Ya nemi aikin gina sito a hannun wani babban kamfani, aka ajiye takardunsa gefe tun zagayen farko saboda ba shi da ISO 9001 da ISO 45001 da ISO 14001. Yanzu wani ya yi masa tayin kawo masa duka ukun har ofis cikin mako biyu, ba sai kowa ya taka wurin aiki ba. Ya ce: "Malam, in biya ko in haƙura?"

Alhaji, kada ka biya. Wannan mutumin takarda zai sayar maka, su kuwa waɗanda suka mayar maka da takardunka abin da ke bayan takardar suke nema.

Ƙungiyar ISO tana birnin Janeba a ƙasar Suwizalan, an kafa ta a 1947, kuma aikinta rubuta ƙa'idoji ne kawai. Ba ta ba kowa satifiket. Masu bayarwa wasu hukumomin tantancewa ne, irin su hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki a nan gida da wasu kamfanoni masu zaman kansu, kuma su ma akwai masu sa musu ido, kamar UKAS ta Birtaniya ko NiNAS ta Najeriya. Odita na gaskiya, wato jami'in da hukumar tantancewa ke turowa bincike, sau biyu yake zuwa. Zuwan farko ya duba tsarinka a rubuce, na biyu ya sa hular kwano ya shiga wurin aiki, ya tsayar da birkila ya yi masa tambayoyi, ya nemi bayanan watannin da suka wuce. Idan an ba ka satifiket, shekara uku yake yi, kuma kowace shekara sai sun dawo sun duba. Ka ga ke nan ba abin mako biyu ba ne. Manyan kamfanoni suna bin lambar satifiket su tabbatar, kuma in aikin gwamnatin tarayya ne, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi hana kamfanin da aka kama da laifi, har da na takardun bogi, shiga kwangila na aƙalla shekara biyar, ga tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin. Garin neman gira ka rasa ido.

ISO 9001 na ingancin aiki ne, kuma rabin abin da yake nema kana yin sa, ba ka rubutawa ne kawai. Wa ya duba rodin da aka kawo ya tabbatar kaurinsa shi ne na cikin zane? Simintin nan yaushe ya shigo sito, an ɗora shi a kan katako ko a ƙasa ya kwana yana shan damshi? Ranar zuba kankare, an ɗebi samfur an kai gwaji bayan kwana 7 da kwana 28? Idan ginshiƙi ya fito da rami-rami, wa ya ba da umarnin gyara, kuma me aka canza don kada a maimaita? Na sha ganin ɗan kwangila ya fasa dakali ya sake zubawa da kuɗin aljihunsa saboda foman ya yi aiki da tsohon zane, sabon yana mota. Irin wannan asarar ce tsarin yake toshewa, ko da babu wanda ya taɓa tambayarka satifiket.

ISO 45001 na kare lafiyar ma'aikata, wanda ya fito a 2018 ya maye gurbin tsohuwar ƙa'idar OHSAS 18001, shi ne ya fi damuna, domin rayuka ne a ciki. Yaran da ke hawa bene da kwanon siminti a ka, sanye da silifas, a kan katakon da aka ɗaure da waya, 'ya'yan wasu ne. Lokacin da bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, sama da mutum 40 suka rasu, da yawansu ma'aikata ne da suka fito neman na abinci. Ƙa'idar tana so ka zauna da ma'aikatanka ku lissafa abin da zai iya kashe mutum ko nakasa shi a kowane aiki, rami ne mai zurfi ko wayar wuta ko faɗowa daga sama, ku ɗauki mataki kafin a fara, ku riƙa rubuta ko da ƙaramin rauni. Hula da takalmi su ne mataki na ƙarshe a wannan lissafin.

Shi kuwa ISO 14001 na muhalli ne: ina kake zubar da baraguzai da baƙin mai, daga ina tifa ke ɗebo maka yashi, ya kake hana ƙura da ruwan wanke injin kwaɓa kankare damun maƙwabta.

Yanzu maganar kuɗi. Kafin komai ka duba su wa ke ba ka aiki. Idan yawancinsu ma'aikatun gwamnati ne, abin da aka fi fara nema shi ne rajistar CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardun PenCom (hukumar fansho) da ITF (asusun horar da ma'aikata) da NSITF (asusun inshorar ma'aikata), da rajistar BPP (hukumar kula da sayen kayan gwamnati) in na tarayya ne.  Idan akwai wadda ba ka da ita, can kuɗinka zai fara zuwa. Amma in burinka manyan kamfanoni ne, ko harkar mai, ko ayyukan da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi, inda ake neman tsarin kare ma'aikata da muhalli a rubuce, to ISO jari ne, ka sa shi cikin lissafin shekara uku. Akwai kuɗin mai ba da shawara, da horar da mutum ɗaya ko biyu daga cikin yaranka, da kayan kariya, da kuɗin odita wanda ake yankewa bisa yawan kwanakin bincike, su kuma kwanakin yawan ma'aikata ne ke ƙayyade su. Sannan ga na duk shekara. Ƙa'idojin uku gininsu iri ɗaya ne, saboda haka bincikensu a haɗe ya fi sauƙi a kan ɗaya bayan ɗaya. In hannu bai kai ba, fara da 9001, amma kada ka jira satifiket kafin ka gyara lafiyar ma'aikata. Kuma kada ka yarda wanda ya tsara maka takardun ya zama shi ne zai tantance ka.

Abin da zan so ka yi a makon nan: ka koma wurin kamfanin da ya ƙi ka, ka tambaye su satifiket ɗin wace hukuma suke karɓa, kuma yaushe za su sake buɗe rajistar 'yan kwangila. Ka nemi farashi a rubuce daga masu tantancewa biyu ko uku, har da SON. Sannan ka ɗora wa injiniyanka alhakin littattafai uku a wurin aikin da kake yi yanzu, na kaya da gwaji, na haɗari da rauni, da na shara. Bayan wata shida, su za ka miƙa wa odita.