Goge fenti ba al'adar paintball ba ce: amsar kawu

Salamu alaikum Sadiƙu, ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da kake lafiya. Ka ce kun soma zuwa filin paintball, wasan harbin juna da ƙwallayen fenti, a Abuja kai da abokanka, kullum kai ake fara fitarwa, har wani cikinsu ya ba ka shawara cewa in fenti ya same ka ba wanda ya gani, ka goge a jikin taya ka ci gaba, wai haka kowa ke yi. Kana tambaya ko al'adar wasan ke nan.

A'a, ɗana. Na buga wasan nan lokacin zamana a Amurka, kuma duk filin da na shiga doka ɗaya ce: ƙwallon fenti ya fashe a jikinka, ka ɗaga hannu da bindiga sama, ka faɗa da ƙarfi cewa ka fita, ka bar fili. Alƙalin wasa ba zai iya ganin kowa a lokaci guda ba, don haka wasan a kan amana yake tsaye. Mai goge fenti sunansa maguɗi, in aka kama shi a fitar da shi, a gasa kuma har abokansa hukuncin kan shafa. Wanda ya fita kuma bakinsa alaikum, ba ya nuna wa nasa inda abokan hamayya suka laɓe. Abin da aka yarda da shi shi ne dubawa. Wani lokaci ƙwallon kan bugi jiki ya faɗi bai fashe ba, musamman a kan tufa mai sako-sako, kuma a yawancin filaye wannan ba ya fitar da mutum. In ka ji bugu a baya inda ba ka gani, kira alƙali ya duba. Amma da zarar ka ce ka fita, ka fita, ko da daga baya ka ga babu fenti.

Yanzu maganar daɗewa a fili. An yi wasan farko a watan Yunin 1981 a dajin Henniker, jihar New Hampshire ta Amurka. Mutum 12 ne, da bindigogin Nel-Spot waɗanda asali don sa wa itatuwa da shanu alama aka ƙera su. Wanda ya ci, Ritchie White, ma'aikacin gandun daji ne, kuma ya tattara tutocin da ake gasar tarawa bai harba ko ƙwallo ɗaya ba. Ya san daji, ya san yadda zai wuce ba a gan shi ba. Ku kuwa samari hankalinku duk yana kan harbi.

Kafin a busa usur, zagaya filin ka san mafakar da za ka fara nufa da wadda za ka koma bayanta. In ka laɓe, ka tuna ba kanka kaɗai ake hari ba. Gwiwar hannu, diddige, da tulun ƙwallayen da ke saman bindiga, su suke fara leƙowa, kuma a filaye da yawa fenti a kan bindiga ma fita ne. Tattara jikinka wuri guda. Leƙa ta gefe, kada ta sama, don kai a saman shinge kowa yana ganinsa. Babban abin da ke cinye sababbin 'yan wasa shi ne leƙawa sau biyu ta wuri ɗaya. Abokin hamayyarka ya riga ya saita bakin bindigarsa a nan yana jiranka. Ka leƙa ta dama a tsaye, ka dawo, ka fito ta hagu a durƙushe. Saboda wannan ka koyi harbi da hannun hagu, ko da zai yi maka wuya da farko, don in ka fito ta hagu da bindiga a dama rabin ƙirjinka a waje yake.

Zama wuri ɗaya ma ba tsira ba ce. Kana fama da na gabanka, wani ya zagayo ta gefe. Don haka bayan kowane ɗan harbi ka waiwaya dama da hagu. Lokacin tashi shi ne sa'ad da abokinka ke yi wa wancan ruwan ƙwallaye har ya sunkuyar da kai, ko sa'ad da yake zuba sababbi. Ku riƙa magana da ƙarfi: mutum nawa, a wace mafaka.

Abu ɗaya ne ba na son ka yi wasa da shi: abin rufe fuska. Iyakar gudun ƙwallon da aka saba yarda da shi ƙafa 300 ne a daƙiƙa, kusan mita 90, kuma hakan ya isa ya tsiyayar da ido. Ko gilashin ya yi gumi ba ka gani, ko an riga an fitar da kai, kada ka cire shi sai ka kai wurin hutawa, an rufe bakin bindigogi. In kuma ka cim ma mutum ta baya kusa-kusa, yawancin filaye suna so ka ba shi damar miƙa wuya maimakon ka harbe shi, don daga kusa yana barin tabo. Tambayi alƙalinku tazarar da suka sa.

Wancan abokin naka, ka gaya masa maganar nan cikin ladabi kafin ku sake shiga fili. Ka gaishe mini da Hajiya da ƙannenka.

Kawunka.