Allurar PRP ga gwiwar Mama

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin tambaya ko allurar PRP za ta dawo mata da guringuntsin gwiwa da ya zaizaye. Jininta za a ɗiba, a juya a na'ura, a ware ƙwayoyin da ke daskarar da jini, a zuba a gwiwar. A 2021 aka fitar da sakamakon gwajinta kan mutum 288 a Ostareliya: bayan wata 12, ba ta fi allurar ruwan gishiri (wadda babu magani a cikinta) rage ciwo ba, guringuntsin ma ba a ga bambanci ba. Ga tsada kuma. Tawa mahaifiyar, da sai ta dafa bango take miƙewa daga sujada, rage ƙiba da atisayen ƙarfafa cinya ne suka taimake ta. Don Allah ki fara kai Mama wurin likitan ƙashi.