Me ya sa ɗalibai suka ƙi manhajar makaranta?

Malam, ka tambayi dalilin da ɗalibanku suka yi watsi da manhajar karatu da makaranta ta kawo, alhali kullum suna manne da WhatsApp. Ba taurin kai ba ne.

Tun 1989 wani mai bincike, Fred Davis, ya nuna abu biyu ne ke sa mutum ya karɓi sabuwar fasaha: ya ga za ta amfane shi, ya kuma ga ba za ta wahalar da shi ba. A bincikensa amfanin ne ya fi nauyi. Na gani da idona: ɗalibi ya buɗe manhaja, ta nemi kalmar sirri, ya manta, ya sake, shafi ya tsaya yana ta juyi, data na zurarewa. Ya rufe, ya tambayi abokinsa, cikin minti ɗaya aka turo masa hoton darasin. To wa zai koma?

A 2003 wani mai binciken, Venkatesh, da abokan aikinsa suka jaddada tasirin na kusa da mutum wajen karɓar fasaha, kuma nan ne ku malamai kuka shigo. In makin gwaji a manhajar kaɗai yake fita, kai ma kana amsa tambayoyinsu a ciki, za su shiga ko ba ka ce uffan ba.