Murjani mai tauri a akwatin lita 60, cikin zafin Damagaram

Ɗan'uwa, ka tambaya ko murjani mai tauri, wato halittar nan ta teku mai ƙashi kamar dutse, zai rayu a akwatin gilashinka na ruwan gishiri mai lita 60 a nan Damagaram. Zai rayu, amma sai in za ka iya riƙe zafin ruwan tsakanin digiri 24 da 26, dare da rana. In ba ka da wannan halin, ka haƙura tukuna.

Ruwa kaɗan ba ya jimirin bazararmu. Bara cikin Afrilu aka ɗauke wuta da azahar, kafin la'asar ruwana ya kai digiri 31. Cikin 'yan kwanaki Montipora ɗina, wani irin murjani mai tauri, ya yi fari fat, don zafi na sa shi fitar da ƙananan tsiran da ke cikin jikinsa suna ciyar da shi. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Yanzu ƙaramar fanka ce mai aiki da batir ke hura saman ruwan. Sai dai tana ƙafar da shi, gishiri kuwa ba ya bin tururin, sai ya yi yawa a ruwan da ya rage. Na ja layi jikin gilashin, kullum da safe in cika zuwa layin da tataccen ruwa marar gishiri, ma'aunin gishirin ruwan ya tsaya 1.025.