Duk azumi ina dainawa, ana gama sallah sai in koma gidan jiya

TAMBAYA: Salam malam. Ni tela ne, shekarata 29, shekara biyu kenan ina cewa zan koma makarantar dare in kuma koyi yankan kayan mata na zamani amma na kasa. Daga an yi isha'i sai majalisa har sha biyu ko ɗaya, in na dawo kuma sai waya, TikTok har bacci ya sace ni. Sannan akwai yarinyar da muka yi shekara huɗu tare, an yi mata aure bara amma har yanzu hotunanta da saƙonninta na cikin wayata ina dubawa. Da azumi nakan daina duka, ana gama sallah sai in koma gidan jiya. Dan Allah rashin imani ne ko me? Ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko cire maganar rashin imani daga ranka, wanda ya iya riƙe kansa wata guda cur ba za a ce masa ba shi da ƙarfin zuciya ba. Abinda na gani a saƙonka shine kana so ka zuba sabon abu a ƙwaryar da ta riga ta cika. Makarantar dare tana buƙatar awa biyu zuwa uku bayan isha'i, toh waɗannan awannin ai suna da masu su, majalisa ta riƙe rabi waya ta riƙe rabi. Malaman tarbiyya tun da suna cewa takhliya kafin tahliya, wato a fara sharewa kafin a yi ado, kuma a aikin da muke yi na ba da shawara kullum abinda muke gani kenan.

Bari in faɗa maka dalilin da yasa azumi yake maka aiki sannan ya sake ka. Sabo ba a cikin niyya yake zaune ba, yana manne ne da lokaci da wuri da mutane. Ana sallame isha'i ƙafarka ta san hanyar benci tun kafin ka yi tunani. Da azumi duk tsarin nan rushewa yake, bayan isha'i asham ce, ga tafsiri, ga ɗinkin sallah ya danne ka har dare, su kansu 'yan majalisar sun watse. Ranar da komai ya dawo yadda yake, sabon ma sai ya dawo ya samu wurinsa a share. An ga irin wannan a sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam, kusan ɗaya cikin biyar sun kamu da shan hodar hirowin a can, amma da mai bincike Lee Robins ta bi diddiginsu bayan sun koma gida a farkon shekarun 1970, kashi 5 cikin ɗari ne kacal na waɗanda suka kamu ɗin suka sake kamuwa a shekarar farko, don wurin da abokan shan da halin da suke ciki duk sun baro su a baya. Ka tuna hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari yana neman tuba, malamin bai tsaya a kan ka tuba kawai ba, cewa ya yi ka bar garin nan ka koma wancan inda mutanen kirki suke.

Sannan kwana talatin ya yi kaɗan. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar UCL ta Landan, ya fito a 2009, sun bi mutum 96 suna ƙoƙarin kafa sabon hali, wasu kwana 18 ya zauna musu wasu kuma lissafi ya nuna sai sun kai kwana 254, tsaka-tsakin shine kwana 66. Kaga kenan kai kana sakin abin tun bai kai rabin hanya ba. Wani abin da suka gano kuma da nake so ka riƙe sosai, fashin kwana ɗaya baya rusa ginin. Mutanenmu da yawa in suka zame sau ɗaya sai su ce shikenan ai na riga na ɓata, su saki gaba ɗaya, wannan tunanin ya fi zamewar kanta illa.

Yanzu da wanne za ka fara? Kar ka ce duka ukun rana ɗaya. Giya ma a matakai aka haramta ta, ayar Baƙara ta zo, ta Nisa'i ta biyo, sannan ta Ma'ida ta rufe ƙofa. Ni in ka bi tawa, da hotunan nan za ka fara, yau ɗin nan. Na san shine mafi ciwo, shekara huɗu ba kwana huɗu ba ne, kuma ban raina abinda kake ji ba wallahi. Amma baiwar Allah nan yanzu matar wani ce, kuma duk daren da ka buɗe hoton kamar ka ɓare ɓawon gyambo ne, ba zai taɓa kamewa ba. Ka goge hotunan da saƙonnin da lambar, ka duba har cikin Google Photos da wurin da abinda aka goge yake taruwa don suna maƙalewa a can, ka daina bin shafinta da na ƙawayenta. Za ka ji wani irin fayau a ƙirjinka na sati biyu ko uku, wataƙila har ka yi kuka, ba komai, kewa ce take fita. In kana jin hannunka ba zai iya ba ka miƙa wa amini ɗaya da ka yarda da shi ya goge a gabanka.

Waya kuma abu ne mai sauƙi fiye da yadda kake zato. Shiga saitin ka nemi Digital Wellbeing in Android ce, ka ga awa nawa TikTok ya ci maka a satin nan, ka rubuta a takarda. Da dare ka bar ta tana caji a shago ko a ɗakin ƙaninka, ka sayi ƙaramar waya rakani-masallaci saboda kiran kwastoma da ƙararrawar asuba.

Majalisa ce nake so mu yi a hankali, don a nan mutane suke kuskure. Ban ce ka yanke su ba. Waɗannan su ne za su tsaya maka ranar aurenka, su ne za su ɗauki makara in an yi maka rashi, kuma addini ma bai yarda ka ƙaurace wa ɗan'uwanka sama da kwana uku ba. Ka je ka faɗa musu baki da baki cewa ka shiga makaranta, Litinin zuwa Alhamis ba za su ganka ba, Juma'a da Asabar kana nan. Za a yi maka tsiya, za a ce ustazu ko a ce ka yi kuɗi ka guje mu, ka yi dariya ka wuce, sati biyu za su saba. Kar ka yi mamaki wani a cikinsu ya ce zai biyo ka.

Abu mafi muhimmanci, kar ka share fili ka bar shi haka. Manomi ya sani in ya yi sharar gona bai shuka ba, ruwan farko ciyawa ce za ta rufe ta. Don haka tun kafin ka janye daga benci ka je ka yi rajista ka biya kuɗin makarantar, ka samu wanda zai koya maka yankan ku tsayar da rana da lokaci, ta yadda ana sallame isha'i akwai inda ake jiranka. Ka ajiye littafinka a jaka ka tafi da ita masallaci, kar ka koma gida ɗauka don hanyar gida ta gaban majalisa take bi.

In kuma bayan ka goge hotunan ka ga an wuce sati biyu baka iya bacci, abinci baya shiga, aiki ya fita daga ranka, ko ka fara neman ƙwaya ko sirof don ka samu sauƙi, toh wannan ya wuce sabo, ka je asibiti ka ga likitan ƙwaƙwalwa, damuwa cuta ce kuma tana da magani. Ka sake rubuto min bayan kwana arba'in, ka zo min da takardar nan ta awannin waya mu gwada da na lokacin. Allah ya dafa maka.