Tambaya da Amsa: Bambancin "Ba Ruwanmu" da "Ba Sani Ba Sabo"

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai fassarar labarai ne a wani gidan rediyo a Kaduna, kuma akwai kalmomin Turanci guda huɗu da suke yawan ba ni wahala, wato neutrality da impartiality da non-alignment da objectivity. Abokan aikina kan fassara dukkansu da "rashin ɗaukar ɓangare" ko "'yan ba-ruwanmu". Shin ma'anarsu ɗaya ce, ko kuwa akwai bambancin da ya kamata mai sauraro ya ji?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ma'anarsu ba ɗaya ba ce, kuma biyun farko su ne suka fi nisa da juna, duk da cewa su aka fi cakuɗawa.

Neutrality ta samo asali ne daga kalmar Latin neuter, wadda ke nufin "ba wannan ba, ba wancan ba". Wanda ya ɗauki wannan matsayi ya janye hannunsa daga rigimar gaba ɗaya, ba ya taimaka wa kowa, ba ya kuma yanke hukunci kan wanda ke da gaskiya. A dokokin ƙasa da ƙasa abin yana da ƙa'idoji a rubuce, domin yarjejeniyoyin birnin Hague na 1907 sun haramta wa masu yaƙi ratsawa da sojoji ko makamai ta ƙasar da ta tsaya tsaka-tsaki, sun kuma wajabta wa ita ƙasar ta hana hakan, ta tsare sojojin da suka tsallako cikinta. Switzerland ce misalin da kowa ya sani: manyan ƙasashen Turai sun amince da matsayinta a 1815, kuma saboda kaffa-kaffa da shi ba ta zama cikakkiyar mamba a Majalisar Ɗinkin Duniya ba sai a 2002. Austriya ta sanya nata a dokar ƙasa a 1955. Matsayin ba garkuwa ba ne, domin Beljiyam na kansa lokacin da Jamus ta kutsa mata a 1914, kuma ana iya ajiye shi, kamar yadda Finland da Sweden suka yi watsi da tsohuwar manufarsu ta ƙin shiga ƙawancen soja, suka shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 2023 da 2024. A nan "zaman tsaka-tsaki" ya wadatar.

Impartiality kuwa halin wanda ya shiga cikin maganar ne dumu-dumu, amma bai karkata ba. Idan mutum biyu suka kawo ƙarar iyakar gona, alƙalin da ya ce shi ba ruwansa ya gudu daga aikinsa. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya saurari kowa, ya auna shaidu, sannan ya ba mai gaskiya gaskiyarsa ko da ɗayan ƙanin matarsa ne. Hausa tana da wannan tun fil azal: ba sani ba sabo. "Rashin son kai" ko "adalci" ma sun dace, gwargwadon jimlar. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta raba waɗannan kalmomi biyu a fili cikin ƙa'idojinta bakwai da aka ayyana a Vienna a 1965. Neutrality a wurinta tana nufin ba za ta goyi bayan kowa a yaƙi ba, ba za ta tsoma baki a muhawarar siyasa ko addini ko launin fata ba. Impartiality kuwa tana nufin za ta taimaki wanda ya jikkata ba tare da duba ƙasarsa ko aƙidarsa ba, tana fara wa da wanda ya fi tsananin buƙata. Ke nan likitan da ya fara duba sojan da ke zubar da jini kafin mai targaɗe ya yi zaɓi, amma bai yi son kai ba. Mai fassarar da ya ba wa ƙa'idojin nan biyu kalma ɗaya ya mayar da bakwai ɗin shida.

Non-alignment ita ce gidajen rediyo suka daɗe suna kira "'yan ba-ruwanmu", kuma tun da kunnen jama'a ya saba, ba zan ce ka sauya sunan ƙungiyar ƙasashen da ke bin wannan manufa ba. Sai dai a ganina sunan bai yi wa waɗanda suka kafa ta adalci ba. Tito na Yugoslabiya da Nehru na Indiya da Nasser na Masar da Sukarno na Indunusiya da Nkrumah na Ghana, da suka hallara a Belgrade a 1961 bayan taron Bandung na 1955, sun ƙi shiga ƙawancen soja na Amurka ko na Tarayyar Sobiyat ne kawai. A kan mulkin mallaka da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu da ruwansu har da tsaki, kuma sun faɗa da babbar murya. Idan kana bayani a cikin labari, "ƙasashen da suka ƙi bin Gabas ko Yamma" ya fi kusa da abin da ya faru.

Objectivity ta shafi yadda mutum ke kallon hujja, wato ya faɗi abu yadda yake ba yadda zuciyarsa ke so ba. Ɗan jaridar da ya bincika ya gano cewa ɗaya daga cikin masu jayayya ƙarya yake yi, ya kuma faɗa, bai saɓa mata ba, ko da yake ya bar tsaka-tsaki. "Tsage gaskiya" ko "bin hujja ba son zuciya ba" za su yi maka aiki.

Akwai tarko ɗaya da ba ka ambata ba, amma za ka ci karo da shi a rahotannin kotu da na kwamitocin bincike. Disinterested na nufin wanda ba shi da wata riba ko asara a cikin al'amarin, shi ya sa ake amince masa ya shiga tsakani, alhali uninterested na nufin wanda abin bai dame shi ba sam. Turawan da kansu kan rikita su a magana, don haka sai ka duba jimlar da kyau kafin ka ce shugaban kwamiti bai damu da binciken da aka ɗora masa ba.