Amsa ga Malama mai haɗa wasan cike gurbi kan furanni

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce kina haɗa wa ɗalibanki wasan cike gurbi, irin wanda kalmomi ke gitta juna a cikin akwatuna, kan furannin da ke fitowa a dunƙule, amma duk tambayar da kika rubuta sai amsar ta koma "fure". Na daɗe ina haɗa wa 'yan firamare irinsa, kuma shawarata ita ce ki ajiye littafin kimiyya tukuna, ki nemi sunayen a bakin manoma.

Ɗauki ɗorawa. Da rani za ki ga jajayen ƙwallaye suna reto a jikinta. Kowace ɗaya ba fure guda ba ce, ɗaruruwan ƙananan furanni ne suka cure wuri ɗaya, jemagu ke zuwa shan zaƙinsu da dare. Sunanta tuntu, daidai da na hula. Sai ki rubuta: "Yana kan jar dara, yana kan uwar daddawa (5)." Lambar ita ce yawan guraben amsar. A wasu garuruwan tutu ake cewa, amma kada ki kuskura ki sa wannan a allo, ajin ba zai sake natsuwa ba.

Wadda yara suka fi so ita ce: "Ba na saniya ba, a saman dabino yake (4)." Nono ke nan. Haka ma "Masara ta tsufa ba ta san wanzami ba (4)", wato gemu. Kan dawa ko na gero kuwa zangarniya ce, gurbi 10, ita nake fara shimfiɗawa a tsakiya sauran su rataya a jikinta.

Inda ake faɗa shi ne haruffa. Kafin ki zana akwati ko ɗaya, ki yanke hukunci: "ts" da "sh" gurbi ɗaya za su ci ko biyu? Ni biyu nake ba su, na kuma rubuta hakan a ƙasan takarda. Sannan kada d ta gitta da ɗ, ko k da ƙ, don kawai ramin ya cika. Yaro mai wayo zai kama ki, kuma shi ne da gaskiya.

Idan akwai 'yan Sakkwato ko Katsina a ajin, ki sani "hure" za su rubuta. Ko ki faɗa musu tun farko daidaitacciyar Hausa ake so, ko ki tsara yadda harafin farkon ba zai gitta da wata kalma ba.